Synology DS223j: bayan na yi wata da watanni ina ajiye fayilolin gida a ciki

Abinda yasa na sayi wannan akwatin tun farko, wani ƙaramin faifan ajiya ne da nake jonawa a laftof ya mutu min rana ɗaya, ya tafi da hotunan sunan yarana da na bikin ƙanwata da sikanin takardun fili, har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci wallahi. Shine nace bazan sake zuba komai a wuri ɗaya ba.

DS223j ɗan farin akwati ne na ajiyar fayiloli da wayoyi da laftof na gida ke shiga ta netwok, na kamfanin Synology na ƙasar Taiwan, ya fito a 2023, yana ɗaukar faifai biyu kuma babu faifai a ciki in ka saya, kai zaka nemo naka. Ni Seagate IronWolf na saka guda biyu, kowanne 4TB. Sai ka zame murfin ka ɗaure su da sukuru, ka jona kebul ɗin netwok a rauta, ka buɗe burawuza ya kai ka shafin da zaka saka manhajarsa mai suna DSM. Gaskiya saitin bai ban wahala ba ko kaɗan, duk wanda ya iya saita sabuwar waya zai iya.

To ga inda mutane ke ruɗewa. In ka zaɓi tsarin SHR da faifai biyu, duk abinda aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan, wato 8TB ɗinka ya koma 4, a allo ma wajen 3.6 zaka gani. Amfaninsa in faifai ɗaya ya mutu baka rasa komai ba, ka sayo wani ka maye gurbi. Amma fa wannan ba bakof bane, wato kwafin da aka ajiye a wani wuri daban, dan Allah a fahimci wannan, in yaro ya goge folda ta gogu a duka biyun, in wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona akwatin ko ɓarawo ya ɗauke shi ko ruwan Agusta ya shigo ɗaki, dukkansu sun tafi tare tunda a ciki ɗaya suke.

Foldoji huɗu na yanka tun ranar farko, takardu, hotuna, aiki, sai tarkace irin finafinai da wa'azozi da in sun ɓata za'a iya sake saukewa. Wannan rabon shi yafi komai amfani daga baya, dan ba komai ne ya cancanci kwafi uku ba. Uwargida tana da nata asusun da kalmar sirrinta, yara kuma kallo kawai suke iya yi basa iya gogewa, kuma na kunna kwandon shara a kowace folda. Hotunan wayoyinmu manhajar Synology Photos ke kwashewa zuwa akwatin da kanta da zarar mun shigo gida mun hau wifi.

Abinda yafi burge ni shine Hyper Backup, manhajar akwatin mai yin bakof. Ina da faifan USB guda biyu, ɗaya yana jone kullum da daddare yana ɗaukar kwafi, ɗayan yana gidan Yaya a wata unguwa can nesa damu, duk ƙarshen wata in naje gaishe su sai na musanya, na kai sabo na dawo da tsoho. Yana ajiye tsofaffin kwafi daki-daki, in takarda ta lalace yau zaka iya komawa yadda take sati uku baya. Kuma yana kulle bakof ɗin da kalmar sirri, ko wani ya ɗau faifan a gidan Yaya bazai ga komai ba, sai dai ka kula in ka manta kalmar kuma ka ɓatar da ɗan fayil ɗin makullin da yake baka, kai ma baka buɗewa, ni na rubuta tawa a takarda na sa cikin akwatin da takardun gida suke. Foldar takardu kaɗai nake turawa intanet zuwa Backblaze B2, wata ma'ajiyar fayiloli ta intanet, saboda bata da nauyi, hotuna da bidiyo in kace zaka tura duka data zata cinye ka kafin wata ya ƙare. Synology suma suna da nasu mai suna C2 ga mai so.

Maganar wuta kuma, kar ka saye shi baka da UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, mai kebul ɗin USB. In an ɗauke wuta UPS ɗin ke sanar da akwatin ya dakatar da rubutu ya kwanta lafiya lau, ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu ita ke lalata fayil. Baya cin wuta sosai, bai kai watt 20 ba yana aiki, inbata ƙarama ma ta riƙe shi. Ramin USB biyu ne kacal a baya, UPS ya ɗau ɗaya faifan bakof ya ɗau ɗaya, shikenan sun ƙare. Zafin da aka tsara masa iyakarsa digiri 40 ne, mu kuwa watan Afrilu a Kano kun san yadda ake, dan haka na sa shi a ɗakin da yafi sanyi, na ɗan ɗaga shi daga ƙasa, lokacin hunturu kuma ina kaɗe masa ƙura a fanka duk sati biyu.

RAM ɗinsa 1GB ne kuma ba'a ƙarawa, na ajiyar fayil ne da bakof, mai son ya jibga masa manhajoji da yawa gara ya dubi samfurin Synology da ya fi shi ƙarfi, irin DS224+. Kuɗinsa da na faifai huɗu da UPS in aka haɗa ba ƙarami bane, ni a hankali na tara, akwatin da faifai biyu da UPS tukuna, sauran daga baya.

Watan da ya wuce na ɗauko faifan gidan Yaya na jona a laftof na buɗe shi da Hyper Backup Explorer, manhajar buɗe bakof a kwamfuta, na ciro takardar haihuwar babbar 'yata da hotunan Sallar bara dan in gwada, duk sun buɗe tsaf. Yanzu duk ranar da na musanya faifai sai na ciro fayil biyu ko uku na duba kafin in jona shi.