Unity ko Godot, ga mai fama da "Access denied"

Ƙanena na Tawa, cikin manhajojin gina wasa biyun nan da kake tambaya, Unity da Godot, ɗauki Godot. Tun da wasan 2D na waya kake son ginawa, kuma Unity Hub, manhajar da ake shiga Unity ta cikinta, na ta buga maka "Access denied" duk sa'ad da ka zo shiga, ban ga abin da zai sa ka ci gaba da ƙona forfe a bakin ƙofarsa ba. Sai dai kafin ka goge komai, tsaya ka gane wa ke hana ka. Masu faɗin wannan magana biyu ne, kuma ɗayansu zai bi ka har cikin Godot ɗin.

Na farko Windows ɗinka ne da kansa. In saƙon ya zo da sunan wani folda, irin "Access to the path is denied", ko "Accès refusé" a injinan nan namu masu Faransanci, to rezo ba ruwansa. Manhajar ce ta nemi rubuta wani abu a inda ba a ba ta izini ba. Galibi za ka tarar an aje aikin cikin Program Files, ko cikin Documents da OneDrive ya riƙe, ko kuma an kunna Controlled folder access a Windows Security. Buɗe sabon folda a gindin C, ka raɗa masa suna gajere, ba tazara, ba harafi mai alama a ka irin é, ka maida aikinka ciki. Leƙa antibirus ka ga ko ya kama wani fayil ya kulle. Za ka ji masu cewa ka buɗe shi a matsayin administrateur kawai a huta. Kada ka biye musu. Shi kansa Unity yakan yi gargaɗi in aka buɗe shi haka, kuma fayilolin da aka ƙirƙira da wannan iko su ne kan ƙi buɗuwa gobe in ka shigo yadda aka saba.

Na biyu saba ce, wato babbar kwamfutar kamfanin da injinka ke tuntuɓa, can ƙasar waje. Alamarta lamba 403, ko farin shafi a burauza mai cewa ba ka da izinin shiga. A nan injinka lafiya lau yake, adireshin IP da ka fito da shi ne ba a yarda da shi ba. Layukan waya kan tara mutane da yawa bayan adireshi ɗaya, wani ya yi ɓarna, matatar tsaro ta haɗa ku duka ta rufe. VPN na kyauta ya fi muni, don adireshinsa kowa da kowa ya bi ta kai. Gwajin ba ya cin minti biyar: kashe VPN, sa wayar a yanayin jirgi ka fitar, in bai yi ba ka ari wayar abokinka mai wani layi dabam ka jona. In ya shiga, ka san laifin na hanya ne. Duba agogon kwamfutar ma. Injinan hannu da yawa ƙaramin batirin nan mai riƙe kwanan wata ya mutu a cikinsu, da an kashe sai su koma shekarun baya, kuma shafin https ba ya amsa gaisuwar injin da kwanan watansa ya kauce. Nijar UTC+1 take, daidaita shi. Sannan shiga Hub ta burauza ake yi, shi ne ke maido ka cikin Hub bayan ka sa kalmar sirri. In burauzar ya tambaye ka izinin buɗe Unity Hub ka ƙi, haka za ka zauna kana kallon abu na juyawa.

To ga inda Unity da Godot suka rabu. Unity sai da asusu, sai da lasisi, ko da na kyauta ne, kuma lasisin lokaci-lokaci sai an sake tabbatar da shi ta intanet. Edita kansa, wato inda ake gina wasan, giga da yawa ne, kayan Android nasu dabam, Package Manager kuma in za ka ƙara wani abu sai ya tuntuɓi sabarsu. Ko a cikin injin akwai wata 'yar sabar gida da yake tayarwa, wadda in antibirus ko proxy ya tare ta aikin ba zai buɗe ba sam. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wuri ne da za a iya ce maka a'a. Gidan haya ne mai kyau, amma mabuɗin get na hannun maigadi. Godot kuwa zip ɗaya ne, na Windows bai kai mega 100 ba. Ka warware, ka danna sau biyu, ya buɗe. Ba asusu, ba kalmar sirri, ba girkawa. 'Yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka fara shi, aka sake shi ga kowa a 2014 da lasisin MIT, wato ko ka sayar da wasanka ba wanda zai nemi kaso.

Bazarar da ta wuce ni da ɗan yayata muka zauna gina wasan dara a nan Yamai, irin wadda tsofaffi ke bugawa a ƙasa da tsinke da tsakuwa, gida 30, kowa da 'ya'ya 12. Kun dai san bazara a garin nan, wuta ta zo ta tafi, rezo ya bi bayanta. Godot na kan kile USB. Akwai wata dabara da na so ƙwarai: ka ƙirƙiri fayil marar komai mai suna _sc_ kusa da manhajar, sai ta riƙa aje duk saitinta a nan cikin kilen maimakon cikin injin. Da rana yaron ya tafi da kilen gidansu ya jona a tsohuwar kwamfutar babansa, bayan la'asar ya dawo mu ci gaba a tawa. Littafin bayanin umarnin yana cikin editan, F1 kawai, ba sai da intanet ba. GDScript kuwa, yaren rubuta umarni na Godot, mai kama da Python ne, yaron da bai taɓa rubuta layi ɗaya ba cikin hutun nan ya rubuta dokar cin ɗa in an jera uku. Ranar da muka sa wasan a wayar kakansa, tsohon ya buga hannu ɗaya ya ce mun yi kuskure, ba a jera uku tun lokacin zuba 'ya'ya. Gaskiyarsa ce, yaron ya gyara a gabansa, batirin injin saura kaɗan.

Ba wai Godot ba ya neman intanet ko kaɗan ba. In za ka fitar da wasan zuwa waya sai ka sauke export templates, fayilolin da ake haɗa wasan da su don ya tashi a waya, kuma suna da nauyi, wajen giga ɗaya. Sai JDK 17 da Android SDK, kayan haɗa manhajar Android. Amma sau ɗaya ne, kuma fayil ne da za a iya sauke maka a inda rezo ke da ƙarfi a zuba a kile a aiko maka da shi a motar Tawa, ka girka daga fayil. Abin lura kawai, lambar templates ta zo daidai da ta edita, na 4.2 ba ya hawa 4.3. In injinka tsoho ne zaɓi Compatibility cikin hanyoyin zana hoto uku da zai nuna maka lokacin buɗe sabon aiki, shi ne mai tafiya da OpenGL 3.3, sauran biyun Vulkan ko Direct3D 12 suke so. Akwai ma editan Godot na Android, ko da yake rubuta umarni a fuskar waya sai mai haƙuri.

Unity dai ba laifi. Asset Store ɗinsa, kasuwar kayan wasa da aka riga aka ƙera, ya fi cika, darussan bidiyo sun fi yawa har da na Faransanci, sa talla cikin wasa ya fi sauƙi, kuma in burinka aiki a wani kamfani da C# to ka koya shi wata rana. Ka dai tuna a Satumban 2023 sun sanar da kuɗi kan kowace saukewar wasa, masu gina wasanni suka yi ca, sai a Satumban 2024 suka soke. Godot ba shi da wanda zai tashi da safe ya canza maka sharaɗi irin wannan.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Akwai masu gyara da masu saida kwamfutar hannu da za su ce kawo 'yan jikkuna a sa maka "Unity Pro kammalalle, ba ya neman intanet". Fasasshe ne. Don kada a gane shi sukan toshe adireshin kamfanin a fayil ɗin hosts, wanda ke C:\Windows\System32\drivers\etc, daga nan ko na gaskiyar ka girka ba zai iya kaiwa gida ba. In injinka na hannu ne, buɗe wannan fayil da Notepad ka duba, duk layin da ka ga sunan unity a ciki ba Windows ya sa shi ba. Haka masu saida asusun da aka riga aka buɗe, ko VPN "na musamman" mai maganin 403. Asusun kyauta ne, lasisin Personal kyauta ne ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dalar Amurka 200,000 a shekara ba, me za a sayar maka? Godot kuwa daga godotengine.org kaɗai za ka ɗauko, ko Steam, ko wurin wanda ka yarda da kilensa. Duk wanda ya nemi ko dala ɗaya a kansa ɗan damfara ne.

In duk da haka ranka na kan Unity, shiga %APPDATA%\UnityHub\logs ka buɗe info-log.json, ka kwafo layukan ƙarshe ka turo nan mu gani, amma ka goge imel ɗinka daga ciki tukuna. Kafin mu amsa maka, sauke Godot 4, wanda ba a rubuta .NET a jikinsa ba, ka aje shi a C:\wasa, ka fara da sa ɗan akwati ya yi tafiya hagu da dama.