Gargaɗi: mai sayar da fistin na hom-yus a Magazin ya ci min sidi 1,600

Salamu alaikum jama'a. Sidi 1,600. Da kuɗin zan fara, don shi ne ya tsaya min a maƙogwaro. Sidi 1,600 na tura ta Momo (tura kuɗi ta waya) a kan fistin huɗu na tsohuwar Corolla, injin 4A-FE, wai hom-yus ne, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, daga kwantena aka sauke. Ban kama sunansa ba tukuna, amma a Suame Magazin yake, cibiyar gareji da kayan mota ta Kumasi, kuma ya san kansa.

Ga abin da yake yi. Sai ya wanke kan fistin da jikinsa fes har suna ɗaukar ido, amma ya bar tsofaffin ring, wato zobban da ke kewaye da fistin, a jiki, ya bar kabon ɗin da ya daskare a cikin gurbinsu. Da gangan. Gurbin ya riga ya cinye ya yi faɗi, kabon ne ya cike wurin, shi ya sa in ka danna ring sama da ƙasa ba ya motsi. Ya miƙo min ɗaya ya ce, "Masta, taɓa ka ji, kamar sabo." Na taɓa. Na danna da babban yatsa, na ji tsam, na gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan nake ta gani a idona. "Masta, taɓa ka ji."

Kada wani ya ce ban duba ba. Na duba. Na ga tambarin STD, wato girman asali, a kan duka huɗun, na sa maikromita a jikinsu, sun dace da silinda mai milimita 81. Na duba ramin fin, babu wasa. Na haska da tocila, babu tsagewa. Da na kai hannu zan zare ring sai ya ce a'a, in ya karye a shagonsa ni zan biya. A nan ya kamata in ajiye in kama gabana. Ranar Talata ke nan. A'a, Litinin na ba da 600 na kafin alƙalami, Talata na cika 1,000. Duk dai 1,600 ne.

A gareji, a Aboabo, muka zare ring. Biyu sun manne, sai da suka kwana a kananzir. Muka karya tsohon ring ɗaya, muka kankare gindin gurbi da bakinsa a hankali, ba da burushin waya ba, don waya tana cin alminiyom. Baƙin da ya fito kamar kunkunniyar ɗakin girki. Ƙananan ramukan da ke bayan ring na mai, waɗanda baƙin mai ke bi ya koma ƙasa, duk a toshe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna injin da aka ciro su ya daɗe yana shan mai.

Sannan awo. Sabon ring ake sawa a gurbin, a zura fila geji, siraran ƙarafan auna tazara, tsakanin saman ring da bangon gurbin, a zagaya wuri uku ko huɗu. A irin waɗannan injunan fetur, lafiyayyen gurbi yana tsakanin milimita 0.03 da 0.08 ne. In ya kai 0.15, fistin ya gama aiki. A gurbin sama, fistin uku sun haɗiye fila geji mai 0.20 ba gardama. Na huɗun 0.25. Kuma in ka sa farce can ciki za ka ji matakala, inda tsohon ring ya ci bango ya bar wurin da bai kai ba.

Wanda ya ɗaura irin wannan, ko da ring sabo dal, ga abin da zai same shi: ring zai riƙa bugawa sama da ƙasa a cikin gurbi, yana ɗebo mai yana turawa ɗakin wuta kamar famfo. Shuɗin hayaƙi a salansa, fulogi na jiƙewa da mai, in ka buɗe murfin mai iska na busowa. A ƙarshe bugun ya karya ring ko ya ɓalle ɗan bangon da ke tsakanin gurbi biyu, ya karce silinda. Wanda kuma bai kankare kabon ba, sabon ring ba zai shige ciki yadda ya kamata ba, wajen tura fistin ma zai iya karyewa.

Na manta, kafin duk wannan na riga na sayi ring da gaskit, an riga an goge silinda. Ban ma sa su a lissafi ba. 1,600 kawai nake faɗa.

Na mayar masa ya ce wai ni na faɗaɗa gurbin da kankara. Ni! Kankara sabon zane take bari mai haske, a gindin gurbi. Cinyewa a bango take, sumul, da matakalarta. Yaron da ya yi wata shida a gareji ya san wannan. Yanzu ya daina ɗaukar wayata, yaron shagonsa kullum "ya fita".

Hoton Momo na nan, duka biyun, da hoton fila geji a cikin gurbi, zan sa su da daddare in na samu caji. Fistin ɗin ma suna nan cikin kwali, wanda ke son gani ya zo.

Kada ku biya sai an zare ring, an kankare, kun auna da sabon ring a gabansa. Ya hana, ku tafi. Mai tasin da nake gyara wa Corollar ya kira ni sau uku yau, motarsa na kan katako, kuma 1,600 ɗin daga aljihuna zai fita.