Gargaɗi ga masu fasfon Finland: a kula da shafukan da ke sayar da ETA da ESTA

Assalamu alaikum 'yan uwa na Helsinki da Espoo da Vantaa, da na Turku da Tampere, har da waɗanda sanyin Oulu bai kora ba. Na daɗe ina jin nauyin ba da wannan labari, domin ba daɗi mutum ya fito ya ce an yi masa wayo. Amma tun da na ji mutum na uku a cikinmu ya faɗa ramin da na faɗa, shirun ya zama laifi.

A watan Yunin 2025 ƙanwata ta haihu a Manchester. Kun san suna ba ya jiran kowa, kwana bakwai ne. Na sayi tikiti mu huɗu, ni da maiɗakina da yara biyu, duk da fasfon Finland. Saura kwana uku mu tashi, da daddare bayan na dawo daga aiki, sai na tuna cewa tun 2 ga Afrilun 2025 Birtaniya ta daina barin yawancin 'yan Tarayyar Turai su shigo da fasfo kawai, sai da izinin da ake nema ta intanet, wanda suke kira ETA. Na ɗauki waya na rubuta sunansa a wurin bincike, na danna abin da ya fara fitowa. Shafi ne mai tsabta, da tutar Birtaniya, da wani tambari mai kama da kambin sarauta, kuma da harshen Finland aka rubuta shi, babu tuntuɓe ko ɗaya. Wannan ne ya kwantar mini da hankali. Na ɗora hoton fasfon kowa, na amsa tambayoyi, aka ce in sa lambar kati. Yuro 79 kowane mutum. Na ɗan tsaya, amma na ce ai komai na Ingila da tsada yake. Yuro 316 suka fita.

Kuɗin gaskiya a lokacin fam 16 ne, bai kai yuro 20 ba. Da aka buɗe wa Turawa tsarin fam 10 ne ma, sai ranar 9 ga Afrilu aka mayar da shi 16. Mu huɗu fam 64 ya kamata in biya. Ban san haka ba sai a wurin sunan, inda wani baƙo daga Jamus ya ambaci abin da ya biya, naman da ke bakina ya ƙi haɗiyuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne izinin ya fito, kuma na gaske ne. Mutanen sun karɓi bayanaina ne suka je shafin gwamnati suka cike, suka biya fam 16, suka soke sauran a aljihu. Da na koma shafin na gangara can ƙasa, sai ga wani rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, launin toka a kan fari, wai su kamfani ne mai zaman kansa, ba su da alaƙa da wata gwamnati. Da wannan layin suke kare kansu. Na rubuta musu a mayar mini da kuɗi, suka amsa cewa an riga an yi aikin, kuma da hannuna na danna cewa na yarda a fara nan take, don haka kwanaki 14 na fasa ciniki da doka ta ba mai saye ta intanet sun faɗi. Haka na haƙura.

Ni nawa da sauƙi. Akwai waɗanda ba sa ma cike komai. Su karɓi kuɗi su turo maka wata takarda mai hatimi da hotonka da lambobi, su ce ka buga ka riƙe. Alhali ETA ba takarda ba ce. Izinin yana liƙe ne da lambar fasfonka a kwamfutar hukuma, kuma can kamfanin jirgi yake dubawa. Takardar da ka riƙe, komai kyan hatiminta, ba za ta wuce da kai ba a filin jirgin Helsinki-Vantaa idan kwamfuta ba ta san da kai ba. A nan tikiti yake ƙonewa, da kuɗin masauki, da hutun da ka roƙa a wurin aiki.

Kuma ba kuɗin ne babbar asara ba. Ku buɗe fasfon Finland ku duba shafin hoto: henkilötunnus ɗinka, wato lambar shaidarka ta Finland, na nan a rubuce. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san nauyin wannan lamba, da ita ake gane mutum a banki da asibiti da ofishin haraji, kuma da ita ɓarawo kan gwada yin odar kaya bashi da sunan wani. Ni na miƙa tawa, da ta matata, da ta 'ya'yana, haɗe da adireshin gida da lambar waya da lambar kati, ga mutanen da ban san ko a wace nahiya suke ba. Wannan ne ya hana ni barci, ba yuro ɗari biyu da 'yan kai ba.

Ƙofa ɗaya ce ga kowace ƙasa. Ta Birtaniya ita ce manhajar UK ETA, ko shafin da ke ƙarewa da gov.uk. Manhajar da kanta take karanta fasfo idan ka ɗora waya a kansa, ta ɗauki hoton fuskarka, yawanci amsa ta zo cikin mintuna, ko da yake sun ce a ba su kwana uku na aiki. Izinin na shekara biyu ne, ko ranar da fasfo ya ƙare idan ita ta riga zuwa, kuma kowa da nasa, har jariri. Ta Amurka ita ce esta.cbp.dhs.gov, inda ake neman izininsu mai suna ESTA. ESTA ma shekara biyu take yi, zaman kwana 90 a kowace shiga, amsa na iya kaiwa awa 72. Dala 21 ce har zuwa ƙarshen Satumban 2025, aka mayar da ita dala 40. Kanada tata eTA dalar Kanada 7 ce kacal, ta shekara biyar, a canada.ca. Ostareliya kuwa mai fasfon Finland yana da eVisitor, kyauta ce, ko sisi ba a biya, amma za ka ga shafin da ya sa mata farashi har da ragi na musamman. Kuɗaɗen nan sukan canja, shi ya sa farashin da ke shafin gwamnati a ranar da kake nema shi ne magana. In ka ga wani ya ninka shi uku ko huɗu, ka rufe.

Hanya mafi sauƙi da na koya daga baya: kada ka nemi shafin ta wurin bincike kwata-kwata. Layukan farko talla ne, wanda ya fi biya shi ke hawa sama, kuma waɗannan mutane suna da kuɗin biya, tunda kuɗinmu ne. Ka shiga shafin ma'aikatar harkokin wajen Finland, um.fi, ka duba bayanin ƙasar da za ka, ko ka rubuta adireshin gwamnatin da hannunka harafi bayan harafi. Shafin da ya sa maka agogo yana ƙirga mintuna, ko ya ce ka ƙara yuro 30 a yi maka na gaggawa, ƙarya yake. Babu layin gaggawa a ETA, babu a ESTA. Ɗan tsakiya ba shi da wata ƙofar baya, layin da za ka bi shi ma shi yake bi.

Yanzu ga wadda ta fi shafarmu, kuma ita ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu. Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp, da Hausa da Turanci, wai duk mai katin zama a Finland za a iya yi masa ETA ko ESTA cikin awa 24, ba sai ya je neman biza ba. 'Yan uwa, wannan zamba ce tsagwaronta. Waɗannan izini fasfo suke bi, ba wurin zama ba. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru, ko oleskelulupa ɗinsa, wato izinin zamansa, na dindindin ne, ko shekara ashirin ya yi a Vantaa yana biyan haraji, biza zai nema in zai shiga Birtaniya ko Amurka. Wani ƙaninmu ɗalibi ya tura yuro 250 ta waya ga irin wannan ejan, aka turo masa takarda mai hatimi, bayan kwana biyu lambar ta daina shiga. Allah ya taimake shi ya nuna wa wani babba takardar kafin ya sayi tikiti. Wanda ya tura masa saƙon tun farko mutumin kirki ne, shi ma turo masa aka yi ya tura gaba da niyyar taimako. Don Allah mu daina tura abin da ba mu gwada ba.

Ko mai fasfon Finland ɗin ma ba kowa ESTA ke karɓa ba. Dokar Amurka ta cire duk wanda ya shiga Sudan, Libiya, Somaliya, Yaman, Iraƙi, Iran, Siriya ko Koriya ta Arewa daga 1 ga Maris 2011 zuwa yau, da wanda ya shiga Kuba daga 12 ga Janairun 2021. Wanda kuma yake riƙe da ɗan ƙasancin Sudan tare da na Finland, shi ma ba ya ciki. Mu kuwa muna da dangi a Sudan, kuma cikinmu akwai waɗanda ta Libiya suka biyo. Irin wannan mutum hanyarsa ofishin jakadancin Amurka ne da ke Kaivopuisto, ya nemi biza a yi masa tambayoyi. Ejan ba zai gaya maka haka ba. Zai danna "a'a" a kowace tambaya don izinin ya fito ya ci kuɗinsa. Ranar da jami'in shige da fice ya gano, sunanka ne a kan amsar ƙaryar, kai za a juyo da kai a jirgi na gaba, kuma tabon yana iya binka shekaru. Shi ejan yana gida yana shan shayi.

Sai ETIAS. Wannan na Tarayyar Turai ne, an yi shi ne don baƙin da ke shigowa ba tare da biza ba, kuma an ce sai ƙarshen 2026 zai fara. Mai fasfon Finland ba ruwansa da shi ko ya fara. Duk da haka akwai shafukan da suka daɗe suna karɓar kuɗinsa. Masu niyyar Umara ma su lura: fasfon Finland na cikin waɗanda Saudiyya ta buɗe wa bizar intanet tun 2019, mutum na iya nema da kansa a shafin visitsaudi.com, Hajji kuwa daga Turai ta shafin Nusuk na Saudiyya ake bi.

Wanda ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya zauna. Ka fara rufe katin, ta manhajar bankinka ko ta lambar rufe kati ta bankinka, wadda ga bankuna da dama 020 333 ce, tana aiki dare da rana. Ka rubuta wa banki ƙorafi, musamman idan da ɓangaren bashi na katin ka biya kuma ba a yi maka aikin ba, domin a nan doka ta ba ka damar neman kuɗinka daga wanda ya ba ka katin. Ka ɗauki hoton shafin da rasit da duk saƙon da suka turo kafin su goge. In babu izinin da ya fito, ka shigar da rikosilmoitus, wato rahoton laifi, a poliisi.fi, ba sai ka taka zuwa ofishin 'yan sanda ba. Masu ba da shawara na KKV, hukumar kare masu saye ta Finland, suna sauraron irin wannan kyauta, in kuma kamfanin yana wata ƙasar Tarayya ne, cibiyar masu saye ta Turai da ke Helsinki ce ke bin sawu. Ni abin da ya ba ni natsuwa shi ne hanin bashi na son rai da na sa wa kaina a rajistar bashi ta gwamnati, wadda ta fara aiki a Afrilun 2024. Kyauta ne, mintuna kaɗan da lambobin banki, duk mai ba da bashi da ya duba sunanka zai ga alamar. Maiɗakina ma ta sa nata a daren.

Har yau shafin nan yana turo mini saƙo, wai izinina ya kusa ƙarewa in zo in sabunta da ragin kashi 20 cikin ɗari. Fasfon ƙaramar 'yata ya ƙare a kaka, muka karɓi sabo, na sake nema mata ETA a manhajar gwamnati ina zaune a kicin, amsa ta zo kafin ruwan shayi ya tafasa. Duk wanda zai yi tafiya lokacin hutun makaranta na Fabrairu kuma yake jin tsoron cikewa, ya same ni bayan sallar Juma'a da fasfonsa. A wayarsa za mu cike, da katinsa zai biya, ni ba na karɓar komai.