Wutar buntu, sola ko gas ɗin kashin shanu: wanne ya dace da mai injin casa?

Tun da aka ɗaga kuɗin wutar Band A, wato layin da aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ga dizal ya yi tashin gwauron zabi, masu injin casa da niƙa a Kaduna kowa neman mafita yake. Ni dai zaɓina ɗaya ne. In kana tara buntun shinkafa, ko kana samun totuwar masara daga wajejen Saminaka da Lere, nemi tukunyar da ke mayar da su iskar gas.

Ana zuba buntu cikin tukunyar ƙarfe, a kunna wuta, a rage mata iska, sai ya riƙa turara yana fitar da gas. Wannan gas ake sanyayawa, a tace, a tura cikin janareta. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera buntu ne, kuma abin da bai wuce kilo biyu ba yakan ba da yunit guda. Ke nan tudun nan da ke bayan injinka, wanda kake biyan mai tifa ya kwashe, makamashi ne, kuma baɗi gona za ta sake ba ka wani. Dare da rana janaretan yake aiki, babu ruwansa da hadari ko hazo. A jihar Bihar ta Indiya kamfanin Husk Power ya haska ƙauyuka masu yawa da wannan dabara. In ma tsohon janaretan dizal gare ka, ana iya haɗa masa gas ɗin ya rage shan mai fiye da rabi.

Sola tana da kyau ga shago da gida, amma batirin da zai ja injin casa da dare sai mai hannu da shuni. Gas ɗin kashin shanu kuwa na mai garke ne ko maƙwabcin mayanka, kuma ya fi dacewa da girki.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen tacewa. Gas ɗin buntu yana ɗauke da kwalta. Wani dillali ya taɓa kafa mini tukunya mai sheƙin fenti, ashe matatarta gwangwani ce da aka cusa wa tsumma. Da makanike ya buɗe kan injin, bawul duk sun daskare da baƙin danƙo, sai da aka kankare da wuƙa. Don haka kada ka yarda da hoton waya ko gwajin minti goma. Ka ce a kai ka inda tukunyarsu ta shekara tana aiki, ka tsaya injin ya ɗauki lodi na awanni, sannan ka sa a buɗe bututun da ke shiga janareta ka shafa da yatsa. In ya fito baƙi yana yauƙi, kama gabanka.

Tambayi kaurin ƙarfen cikin tukunyar, domin siririn falange wuta ke cinye shi. Tambayi ta ina toka ke fita, don buntu toka gare shi sosai, tana toshe tukunyar da aka ƙera domin itace. Wanda ya ce maka tasa tana cin jiƙaƙƙen buntu, ƙarya yake yi. Ka zaɓi wadda maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna za su iya yi wa kayan gyara, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin sai ta yi wata guda tana aiki. A fili za a kafa ta ko ƙarƙashin rumfa, kada a sa ta cikin rufaffen ɗaki, domin gas ɗin guba ne mai kashe mutum cikin barci.