Ajin yamma, rediyo ko waya: wanne ya dace da babban da ke son koyon karatu?

Wanda ya girma bai yi karatu ba, idan ya shiga yaƙi da jahilci, buƙata ce ta kai shi. Yana so ya karanta takardar magani da kansa, ya rubuta bashin da yake bi da wanda ake bin sa, ya sa hannu a yarjejeniya maimakon dangwale. Alƙaluman UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun nuna manya fiye da miliyan 700 a duniya ba su iya karatu da rubutu ba, kusan kashi biyu cikin uku mata ne. Shirye-shiryen koyarwa suna da yawa, amma ba kowanne ke kai mutum gaci ba.

Ajin yamma shi ne na farko da zan ba da shawara a duba. Malami yana ganin hannunka, yana gyara maka riƙon fensir tun kafin kuskure ya zauna, 'yan aji kuma suna jan juna. Inda yake kayar da mutane shi ne lokaci: aiki ya taso, a yi fashin mako biyu, sai kunya ta hana komawa. Kafin ka ba da suna, nemi a nuna maka littafin da ake koyarwa da shi. In na 'yan firamare ne aka ɗauko, yi tunani. Magidanci mai iyali ba zai daɗe yana rera baƙaƙe kamar ɗan shekara shida ba. A 1963, a garin Angicos na ƙasar Brazil, masanin ilimi Paulo Freire da abokan aikinsa sun koya wa ma'aikata kusan 300 karatu cikin kwana 45, da kalmomin da aka tsinto daga bakin mutanen da rayuwarsu ta yau da kullum. Ajin da ke bin irin wannan hanya ya fi riƙe ɗalibai.

Darasin rediyo ko talabijin yana isa ga wanda fita ke yi wa wuya, sai dai babu mai duba rubutunka. Ko tsarin ƙasar Kuba na koyarwa ta rediyo da talabijin da aka yi ta kaiwa wasu ƙasashe, mai haɗa kowane harafi da lamba saboda manya sun riga sun san ƙirga, yana tafiya ne da mai jagora a cikin ɗakin.

Manhajar waya ta fi amfani wajen bita. Wanda ke tura gajeren saƙo kullum ba ya mantuwa, in dai bai koma saƙon murya ba, wanda shi ne jarabar kowa.

Akwai kuma shirin da ke haɗa karatu da sana'a, kamar ɗinki ko gyaran waya. Lissafi yana shiga da sauri idan awo da kuɗin kaya ake ƙirgawa. Amma a wasu wuraren sana'ar ke cinye lokacin, a fito da iya aiki ba iya karatu, don haka ka tambayi awa nawa aka ware wa rubutu.

Ko wanne ka zaɓa, ka fara da harshen da kake magana da shi, na biyu ya biyo baya. In kana da niyyar ci gaba da makaranta ko neman aiki, tabbatar hukumar ilimi ta amince da takardar shaidarsu. Sannan ka tambaya ko akwai mataki na gaba bayan an sauke littafin farko, domin karatun 'yan watanni yana zubewa idan babu abin karantawa a hannu.