Gargaɗi ga masu sha'awar kiwon aku: a yi hattara da masu tallan 'yan tsakin Ekilektus a intanet

Ina jan hankalin 'yan'uwa masu kiwon tsuntsaye a Bauchi da kewaye, musamman waɗanda suka faro da tantabaru da kanari har suka kai ga sha'awar tsuntsayen ƙasashen waje, game da wata damfara da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Ana tallan 'yan tsakin wani aku mai suna Ekilektus, mace da namiji, a farashi mai sauƙin da ya kamata ya sa mutum ya tsargu, tare da alkawarin kawo su har ƙofar gida da kejinsu da abincinsu da bayanin yadda za su saba da sabon wuri. Masu wannan talla ba sa daɗewa da suna ɗaya ko lambar waya ɗaya, saboda haka ambaton sunan shafi ba zai tsinana komai ba. Abin da zai kare mutum shi ne ya san yadda ake ɗana tarkon, ya kuma san tsuntsun da ake tallata masa, domin rashin sanin tsuntsun shi ne jarin ɗan damfarar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda suke shigowa ta ƙofar tausayi. Da zarar ka yi magana, ba kuɗi za a fara ambata maka ba. Za a turo maka dogon saƙo a kan yadda ake karɓar sabon aku: a ajiye kejin a wuri mai natsuwa, kada a dame shi da taɓawa a kwanakin farko, a riƙa yi masa magana a hankali, kada a sauya masa abinci farat ɗaya. Mafi yawan wannan bayani gaskiya ne, an kwafo shi ne daga shafukan masu kiwo na ƙasashen waje, kuma gaskiyar tasa ce ke sa mai saye ya saki jiki. Daga nan sai tambayoyi su biyo baya, ko akwai kyanwa a gidan, ko akwai ƙananan yara, ko Hajiya za ta samu lokacin kula da su. Mai tallan zai ce shi ba riba yake nema ba, an yi masa canjin wurin aiki ne, kuma burinsa kawai tsuntsayen su faɗa hannu nagari. Kafin ka ankara, kai ne kake ƙoƙarin gamsar da shi cewa ka cancanta, ka manta cewa shi ya kamata ya gamsar da kai cewa tsuntsun ma yana nan. Sai a ce maka wani Alhaji daga Gombe ya yi alkawarin biya da yamma, amma da yake an yaba da hankalinka, idan ka tura kafin alƙalami yanzu za a ajiye maka.

Wannan kuɗi na farko shi ne bakin ƙofa. Bayan shi wani mutum daban zai kira da wata lamba, da murya irin ta ma'aikacin ofis, ya ce shi wakilin kamfanin jigila ne, tsuntsayenka sun iso filin jirgin sama na Legas ko Abuja, amma ba za a ɗora su ba sai an yi hayar keji na musamman mai daidaita zafi, kuma za a mayar maka da kuɗin da zarar kaya sun iso. Idan ka biya, sai kuɗin allurar rigakafi ya taso, sai na inshora, sai na killacewa, sai na kwastam. Duk lokacin da ka nuna alamar ja da baya, za a ce 'yan tsakin sun wuni ba su ci ba, idan suka mutu alhakinsu yana wuyanka, wani lokaci ma har a yi maka barazanar cewa hukuma za ta tuhume ka da wulaƙanta dabba. Mutumin da ya riga ya zuba kuɗi yana ganin ƙarin kaɗan ne ya rage, ga kunyar a ce an yi masa wayo, sai ya ci gaba da turawa har ranar da zai kira ya ji layin a kashe, ya duba shafin ya tarar an toshe shi.

Shi kuwa Ekilektus tsuntsu ne da ke tona asirin maƙaryaci cikin sauƙi ga wanda ya san shi. Asalinsa daga tsibiran Maluku na Indunusiya ne, da Niyu Gini, da tsibiran Solomon, da zirin Kef Yok da ke arewa maso gabashin Ostareliya. Babu shi a dazukan Afirka, don haka wanda ya ce an kamo shi a dajin Kamaru ko na Taraba ya gama faɗa maka ko shi wane ne. Namijin kore ne shar, da ja a ƙarƙashin fiffike, kuma idan ya girma saman bakinsa ruwan lemo ne mai sirkin rawaya. Macen ja ce wur, da shuɗi ko shunayya a ƙirji da ciki, bakinta baƙi. Bambancin ya kai har masanan Turai sun daɗe suna ɗaukar su a matsayin tsuntsaye iri biyu, sai a ƙarni na 19 aka tabbatar iri ɗaya ne. Tun gashin farko yana tsirowa ake gane mace da namiji, saboda haka duk wanda ya nemi ka biya kuɗin gwajin jini don a tantance jinsin tsakon da ya riga ya yi gashi, kuɗinka kawai yake so. Haka nan ƙaramin tsako bakinsa da duhu yake, ba ya yin launin babba sai ya tasa. Idan aka nuna maka hoton namiji mai baki ruwan lemo tas aka ce ɗan wata biyu ne, to hoton na wani tsuntsu ne a wata ƙasa.

Akwai kuma lissafin haihuwa. Macen Ekilektus ƙwai biyu take yi a ƙa'ida, ta kwanta a kansu kusan kwana 28, 'yan tsakin kuma ba sa barin sheƙa sai sun kai kamar mako 11 zuwa 12, yayensu ma yakan wuce haka. Mai tallan da ke da 'yan tsaki shida daga uwa ɗaya, kuma kowane mako yana da sababbi, ba kiwo yake yi ba. Masu cewa za su aiko maka da ƙwai a kwali ka sa a injin ƙyanƙyasa, waɗannan ko sauraronsu ɓata lokaci ne.

Batun takardu ma yana da ƙa'idarsa. Ekilektus yana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai, wato CITES, wadda ta fara aiki a 1975 kuma Najeriya tana cikinta, abin da ke nufin ba a fitar da shi daga wata ƙasa sai da izinin hukumar ƙasar. A nan gida akwai dokar kare dabbobin da ke fuskantar ɓacewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, sannan shigo da tsuntsu mai rai yana buƙatar izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, wato NAQS, da shaidar lafiya daga likitan dabbobi. Ana neman izinin ne tun kafin tsuntsu ya taso, ba bayan ya sauka ba. Kuɗin hukumomin tarayya kuwa ta asusun bai ɗaya na gwamnati ake biyan su, da rasit mai lamba. Duk wanda ya turo maka lambar asusu mai sunan wani mutum ya ce kuɗin kwastam ne ko na killacewa, babu sauran abin tattaunawa tsakaninku. Hoton takarda mai tambari da aka turo ta waya ba hujja ba ce, domin yaro mai kwamfuta zai iya haɗa ta kafin shayi ya huce.

Nau'i na biyu na wannan cuta ya fi na farko muni a ganina, domin a nan ana kawo wani abu, kuma rai ne yake salwanta. Wani lokaci tsirya ce ta dajinmu, koriya mai jan baki, ake miƙa wa mutum a tasha a ce ƙaramin namiji ne. Tsirya siririya ce mai doguwar jela, nauyinta bai cika wuce giram 140 ba, shi kuwa Ekilektus jibgege ne mai gajeriyar jela mai faɗi, babbansa yakan kai giram 400 ko fiye. Wani lokaci kuma tsakon aku ne na gaske, amma wanda ba a yaye ba, an cire shi daga hannun mai ɗura masa don a rage wahala a karɓi kuɗi da wuri. Na ga irin wannan tsako a gidan wani maƙwabci, cikin kwalin taliya da aka huda, rabin jikinsa tsinken gashi ne da bai buɗe ba, yana kaɗa kai yana kukan neman abinci, ga gero da gyaɗa a gabansa bai ma san abinci ba ne. An haɗo shi da sirinji da ƙullin gari, an ce a dama a ɗura masa kamar koko. Ɗura sana'a ce mai haɗari: abincin yana son ɗumi kusan digiri 40, idan ya wuce sai ya ƙona jakar abincin da ke gindin wuya, idan ya yi sanyi sai ya tsaya a ciki ya yi tsami, idan kuma hannu ya kuskure ya bi ta hanyar numfashi, tsakon yana iya mutuwa nan take. Idan hakan ta faru, mai sayarwa zai ce kai ne ba ka bi bayanin da ya turo ba. Mai kiwo na ƙwarai ba ya sallamar tsako sai ya ga yana ci da kansa kuma nauyinsa ya tsaya.

Hanya mafi sauƙi ta auna mai sayarwa ita ce a tambaye shi abin da ba ya cikin saƙon da ya kwafo. A tambaye shi me tsuntsun ya ci yau da safe. Wanda ya ce gero da gyaɗa da 'ya'yan furen rana sun wadatar bai taɓa riƙe Ekilektus ba, domin tsuntsu ne da cimarsa ta dogara ga 'ya'yan itace da ganye: gwanda, gwaiba, mangwaro, ruman, karas, kabewa, dafaffen dankalin Hausa, irin abubuwan da ba sa yankewa a kasuwar Muda Lawal. Yawan tsaba mai maiƙo yana lalata masa hanta, abinci mai launin roba da yawan ƙarin bitamin kuma an san suna jawo masa karkarwar yatsu da fizgar fiffike. Fiya guba ce gare shi, haka cakulan da kofi. A tambaye shi kuma yadda za a yi da tsuntsun dajin damina a hunturun Bauchi, lokacin da iskar Disamba da Janairu ke busar da fata, ƙura kuma ta cika ɗaki. Mai gaskiya zai yi maganar kawar da keji daga bakin taga, da yayyafa masa ruwa da hantsi, da nisanta shi da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da hayaƙin janareto da tururin kaskon nan na zamani da abinci ba ya mannewa a jikinsa idan ya yi zafi fiye da kima, domin huhun tsuntsu ba ya jure abin da namu ke jurewa. Zai kuma ce a ware sabon tsuntsu daga kaji da tantabarun gida na aƙalla kwana 30. Wannan ba tsirfa ba ce a ƙasar da murar tsuntsaye ta ɓulla tun 2006, kuma akwai zazzaɓin aku da ɗan Adam ke ɗauka ta shaƙar ƙurar busasshen kashinsa. Tsuntsun da aka yi fasa-ƙwaurinsa, babu wanda ya duba lafiyarsa, cikin iyalinka za ka ajiye shi.

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma tsuntsun da zai iya yin shekara 30 a gidanka bai kamata a saye shi daga hoto ba. A je a gan shi da ido, a ga iyayensa ko takardun shigowarsa, a ga yana cin abinci da kansa, a duba zoben ƙafarsa idan akwai a gwada lambar da ta takarda, a tafi da likitan dabbobi ko wani tsohon mai kiwo. Idan nisa ya hana, a nemi kiran bidiyo kai tsaye, a sa mai tallan ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya riƙe kusa da kejin, sannan a wakilta wani amintacce da ke garin ya je. Uzurin cewa kyamara ta lalace, ko babu sabis a gona, ko baƙon ido yana firgita 'yan tsaki, duk amsa ɗaya suke bayarwa. Kada kuɗi ya fita sai tsuntsu yana hannu.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya tsaya daga nan, kada ya ƙara ko kwabo da sunan ceto abin da ya wuce, kuma kada ya saurari wanda zai kira daga baya ya ce shi jami'i ne da zai ƙwato masa kuɗin idan ya biya ladan aiki, domin sau da yawa su ɗin ne dai suka sake shiri. Ya garzaya bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya adana hotunan hirar da rasit da lambobin waya da na asusu kafin a goge shafin, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko ga hukumar EFCC, wadda ke da ofishin shiyya a Gombe. Dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda aka samu da karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Ya kuma sanar da zauren da ya ga tallan a ciki, tare da lambar asusun da aka ba shi, domin ita ce abin da ba sa iya sauyawa da saurin da suke sauya sunan shafi.