Gogewa Ko Sake Fenti: Wanne Ya Dace Da Tsohuwar Mota Idan Kuɗi Kaɗan Ne?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya game da Corolla ɗinsa ƙirar 2006, mai launin shuɗi mai duhu, wadda rufinta da bonet suka yi fari-fari suna ɓarewa, alhali ƙofofinta suna nan da sheƙinsu. Yana son ya san ko gogewa za ta wadatar, ko kuwa sai an sake wa motar fenti gaba ɗaya, ga shi kuma abin da ke hannunsa bai taka kara ya karya ba.

Malam, abin da ya lalace a motarka shi ne kiliya, wato rufin nan marar launi da kamfani ke fesawa a saman fenti bayan firaima (shimfiɗar farko) da launi. Shi ne ke ba mota sheƙi, shi ne kuma ke tare zafin rana, amma kaurinsa bai kai na takardar littafi ba. Saboda rana daga sama take dukan mota, rufi da bonet da murfin but su ne ke fara mutuwa, musamman a kan launi mai duhu da ke ɗaukar zafi fiye da fari.

Gogewa ita ce mafi arha, kuma aikin yini ɗaya ce. Ana bin wurin da sanfefa mai laushi, lamba 2000 ko 3000, tare da ruwa, sannan a bi da injin gogewa da man folish. Sai dai gogewa rage kiliya take yi, ba ta ƙara komai, don haka tana amfani ne kawai inda kiliyan ya dushe amma bai rabu da launin da ke ƙarƙashinsa ba. Ka zuba ruwa a wurin, ka kuma bi shi da farce. Idan sheƙi ya dawo bai ɗaya kuma farcenka bai ci karo da wani baki ba, gogewa za ta yi. Idan kuwa kana jin bakin ɓawo yana ɗagowa, to kiliyan ya riga ya tafi, kuma duk wanda ya ce zai goge maka shi ya dawo, mai ne kawai zai shafa wanda zai ɓace bayan wanki biyu ko uku. Haka ma fesa sabon kiliya a kan wanda ke ɓarewa: tsohon zai ci gaba da ɗagowa daga ƙasa, ya tafi da sabon.

Sake fenti gaba ɗaya yana magance matsalar, amma a nan ne mai ƙaramin kuɗi ya fi shiga uku. Mafi yawan wahalar aikin tana cikin shiri ne: kankare tsohon kiliya, cike lotsawa, fesa firaima, sake bi da sanfefa, cire fitilu da hannayen ƙofa da robobin gilashi. Idan mai fenti ya amince da farashin da bai kai ba, a wannan shirin zai fanshe, sai ya rufe robobi da jarida da salatif, ya tsinka fenti da tina fiye da ƙima. Motar za ta fito tana walƙiya ranar da aka karɓe ta, bayan 'yan watanni kuma layukan sanfefa su bayyana, fentin ya fara tashi daga bakin robobi. Ga kuma asara ta biyu, domin ƙofofinka har yanzu fentin kamfani ne, kuma duk wanda ya taɓa sayar da mota ya san yadda masu saye ke tambayar ko fes bodi ce, wato ba a taɓa sake mata fenti ba. Canza launi kuwa ban ba ka shawara ba, tunda zai ja a fesa cikin ƙofofi da ƙarƙashin bonet, sannan a gyara takardun motar.

A ganina, abin da ya dace da kai yana tsakanin biyun: a sake fentin rufi da bonet da but kaɗai, yadda ya kamata, a goge sauran jikin. Lambar launin tana jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, amma kada a dogara da ita kaɗai, domin shekaru sun ɗan sauya launin gefuna. Ka sa mai haɗa fenti ya fesa gwaji a kan guntun ƙarfe, a kara shi da jikin motar a cikin rana kafin a taɓa bonet. Rufi ba ya tona bambanci sosai, bonet ne ke tonawa saboda yana haɗe da gefunan gaba. Wani lokaci ma ana dacewa da bonet na hannu mai launi ɗaya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, wanda zai rage maka aiki.

Inda ba a yin rowa shi ne irin kiliyan. Wanda ake haɗawa da hadna (sinadarin da ke taurara shi), wato 2K, yana yin tauri, yana jure rana da fetur. Na gwangwani da ke bushewa da iska kawai, wato 1K, ya fi arha amma ba ya daɗewa a ranarmu. Hadna yana da guba ga huhu, saboda haka ba aikin da mutum zai yi a tsakar gida da ƙyalle a hanci ba ne. A kuma nemi rufaffen wuri a yayyafa wa ƙasa ruwa, domin ƙurar hunturu tana zama a kan ɗanyen fenti, laimar damina kuma tana sa shi ya yi hazo. Bayan an gama, a bar shi aƙalla wata guda kafin a shafa masa folish, a kuma daina wanke motar da garin sabulun wanki.

Da ɓarewar ta kai ƙofofi da gefuna, da lissafin ya canza, domin fesa fiye da rabin mota sashe-sashe ya fi fesa ta gaba ɗaya tsada. Kafin ka biya kowa ko sisi, ka nemi mai fentin ya nuna maka motar da ya fesa bara, ka duba rufinta da bakin robobin gilashinta da rana tsaka.